DAFA KWAL A DURO BA ZAI BA MU MAN GAS BA



Kwanakin nan wata magana ta cika zaurukanmu na WhatsApp, ta shiga gareji-gareji da teburan masu shayi. Ana yawo da wani bidiyo na mutane a wata ƙasa suna zuba kwal cikin tukunyar ƙarfe, su hura wuta a ƙarƙashinta, can sai ka ga wani baƙin ruwa yana ɗiga ta bakin bututu zuwa cikin jarka. An rubuta a ƙasan bidiyon cewa mafita ta samu, talaka zai riƙa yin man gas ɗinsa da kansa. Daga kallon bidiyo magana ta koma neman kuɗi. Wai a haɗa jari, a nemi fili a bakin rafi, 'yan walda su ƙera tukwane da duro, a riƙa ɗauko kwal mai ruwan ƙasa daga kudu ana dafawa a nan. Har wasu sun fara tambaya ko ƙungiya za ta shige gaba.

Ra'ayina a fili yake: kada wanda ya sa ko kwabo a wannan harka, kuma kada wanda ya ba da filinsa. Abin da za a samu a ƙarshe kwalta ce 'yar kaɗan, da hayaƙi mai yawa, da ruwan guba wanda ba mu da inda za mu kai shi sai rafin Dilimi. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da hujjar da ta fi tawa ya kawo ta gaban taro, kowa ya ji.

Na san abin da ya sa maganar ta samu shiga. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Man gas ma ya riga ya yi nasa tashin. Mai injin niƙa, mai walda, mai wankin mota, mai sayar da ƙanƙara, direban da ke lodin Bauchi ko Kano, babu wanda abin bai taɓa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali duk wanda ya ce masa ga mai nan a araha dole ya tsaya ya saurara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ba na zargin wanda ya ji kwaɗayin abin. Masu tallar ne nake da magana da su.

Mu fara da gaskiyar da ke cikin maganarsu, domin akwai ta. Tabbas ana fitar da mai daga kwal, kuma an fi shekara 150 ana yi. Kwal mai ruwan ƙasa, wanda masana ke kira lignait, shi ne ƙaramin cikin dangin kwal. Itatuwa da ciyayi ne da ƙasa ta binne amma ba su gama nuna ba, shi ya sa yake da taushi, yana marmashewa a hannu, wani lokaci har ka ga zanen itace a jikinsa. Idan aka rufe shi a tukunyar da iska ba ta shiga, aka gasa shi zuwa digiri 500 ko 600, ba ya cin wuta, sai dai ya rabu gida huɗu. Akwai gawayin da ke saura a tukunya. Akwai iskar gas mai kamawa da wuta. Akwai tururin da idan ya huce yake zama kwalta da ɗan mai mara kauri. Sai na huɗu, wanda ba a nunawa a bidiyo, wato ruwa mai wari da ke fita tare da kwaltar. Iyakar abin da tukunya za ta iya ke nan.

To, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, tunda Dilimi unguwar kasuwanci ce. Ɗanyen kwal mai ruwan ƙasa yakan zo da ruwa daga kashi 30 har zuwa kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Mu ce rabi. Ke nan idan ka sayi tan guda, kilo 500 ruwa ka biya wa kuɗi, kuma sai ka ƙona makamashi kafin ka kore shi. A busasshen da ya rage, kwal mai kyau a masana'anta mai kyau yakan ba da kwalta wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mu ɗauki kashi 10, domin duron da aka yi wa walda a bayan gida ba zai kamo masana'anta ba. Tan guda ya ba ka kilo 50, wato wajen lita 50. Tirela mai tan 30 ta ba ka lita 1,500, duro bakwai da rabi. Kuma wannan ɗanyar kwalta ce, ko cokali guda bai zama man gas ba tukuna.

Daga ina za a ɗauko kwal ɗin? Jos ba ta da kwal. Ƙasarmu ta duwatsu ce, abin da Allah ya ajiye mana a ciki kuza ce da kwalambait, shi kuwa kwal a kwarin da laka da yashi suka taru ake samunsa. Ko a zamanin haƙar kuza daga Inugu ake kawo shi, bayan layin dogo ya iso Jos ta Kafancan a 1927. Kwal ɗin Lafiya da Obi ya bar hannunmu tun da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa a 1996, kuma shi ma baƙin kwal ne. Na Maiganga a Jihar Gombe kamfanin simintin Ashaka ne ke haƙarsa yana ƙonawa a masana'antarsa. Shi kwal mai ruwan ƙasa da ake magana, babban jigonsa yana wajen Ogwashi-Uku da Asaba a Jihar Delta, ya ratsa ta Anambra da Imo. Daga can zuwa nan tafiyar fiye da kilomita 600 ce. Ku tambayi kowane direban tirela lita nawa ta man gas zai sha zuwa da dawowa, ku ƙara kuɗin lodi, da na shingayen hanya, da na itacen da za a hura a ƙarƙashin tukunya, sannan ku raba da duro bakwai da rabi. Wanda ya yi wannan lissafi bai ga asara ba, to bai taɓa riƙe shago ba.

Sai magana ta biyu, wadda makanikai za su fi kowa ganewa. Kwalta daban, man gas daban. Abin da ya sa fetur da gas suke ruwa tsararo, suke ci da tsabta, shi ne yawan sinadarin haidurojin da ke cikinsu, wajen kashi 13 zuwa 15 cikin 100. Kwal kuwa nasa wajen kashi 5 ne. Zafi kaɗai ba ya ƙara abin da babu. Kwaltar da ke fita daga kwal mai ruwan ƙasa cike take da kakin da ke daskarewa, ga farar wuta, ga ƙura, ga ruwa, ga sinadarai masu cin ƙarfe da roba. A sanyin Jos na Disamba da Janairu za ka wayi gari ka tarar ta yi kamar kakide a cikin jarka. Wanda ya zuba wannan a tanki, filta ce za ta fara toshewa, nozul ya biyo baya, famfon injekta ya ce ga garinku. Kowa a layin kayan gyara ya san kuɗin famfon injekta yau. Idan kuma aka sirka ta da gas na gaskiya aka sayar wa direbobi, sunan abin algus, kuma sunan Dilimi ne zai ɓaci a tashoshin mota daga nan har Maiduguri. Shekaru iyayenmu suka yi suna gina amanar da ta sa mutum ke tasowa daga Bauchi ko Lafiya ya zo nan neman kayan mota. Wata uku na gurɓataccen mai ya isa ya rushe ta.

Masu tallar suna da amsa guda da suke maimaitawa: ai Jamus ta yi, har ta yi yaƙin duniya da man kwal. Haka ne, ta yi. Amma tunda sun kawo Jamus, sai mu ba da labarin gaba ɗayansa.

Tun wajen shekarun 1850 ake gasa kwal mai ruwan ƙasa a yankin Halle da ke tsakiyar Jamus, ana fitar da man fitila da kakin kyandir. Mayar da shi man mota kuwa sai da masanin kimiyya Friedrich Bergius ya gano hanyar cusa wa kwal haidurojin da ƙarfin tsiya, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1931. Masana'antar Leuna ta fara fitar da irin wannan fetur a 1927. Ana yin aikin ne a cikin tukwanen ƙarfe masu kaurin gaske, a zafin da ya haura digiri 400, da matsin iska ninki 200 zuwa 300 na iskar da muke shaƙa, wani wurin ma fiye. Don ku gane, tayar tirela da mai faci ke bugawa ba ta wuce ninki 8 ko 9, kuma mun san abin da take yi wa mutum idan ta fashe. Wane mai walda ne a Jos zai ƙera tukunyar da za ta riƙe ninki 200?

Duk da wannan ƙwarewa, man bai iya gogayya da na rijiya a kasuwa ba. A Disamba 1933 sai da gwamnatin Hitler ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanin IG Farben cewa za ta tabbatar masa da farashi, ta cike giɓin asara. Wato tallafi, irin wanda aka cire mana. A 1934 ta tilasta wa kamfanonin kwal su haɗa jari su kafa kamfanin Brabag, wanda ya gina masana'antu a Böhlen, Magdeburg, Schwarzheide da Zeitz. Da yaƙi ya yi tsanani, fursunonin sansanonin azaba aka riƙa korowa suna aiki a waɗannan wurare, da yawa a can suka mutu. Jamus ta bi wannan hanya ne saboda ba ta da isasshen ɗanyen mai kuma tana shirin yaƙi, ba ta damu da ko nawa lita za ta ci ba.

Bayan yaƙi Jamus ta Gabas ta ci gaba da gasa kwal a Espenhain, kudu da birnin Leipzig, saboda ita ma ba ta da kuɗin sayen mai a waje. Akwai wani ƙauye kusa da masana'antar mai suna Mölbis, inda iska ke kai hayaƙin. Ya yi suna har ana kiransa ƙauyen da ya fi ko'ina ƙazanta a Turai. Toka na sauka a kan rufi da shanya, wari ba dare ba rana, yara na fama da ciwon ƙirji da na fata. Da katangar Berlin ta faɗi a 1989 aka buɗe kasuwa, ko shekara guda masana'antar ba ta ƙara ba, a 1990 aka rufe ta. A garin Rositz, inda ake tace kwaltar, an bar tafki guda na dagwalon kwalta wanda gwamnatin Jamus ta yi shekaru tana kashe maƙudan kuɗi kafin ta kwashe. Jamus ke nan, mai kuɗi da injiniyoyi. Idan mu aka bar wa irin wannan tafki a bayan Dilimi, wa zai kwashe mana?

Haka labarin Afirka ta Kudu yake, wadda ita ma suke ambata. An kafa kamfanin Sasol a 1950, ya fara fitar da mai a Sasolburg a 1955, aka ƙara manyan masana'antu a Secunda a farkon shekarun 1980, lokacin da duniya ta juya wa gwamnatin wariyar launin fata baya, Iran ma ta daina sayar mata da mai bayan juyin 1979. Su hanyarsu ma daban ce, sukan mayar da baƙin kwal iskar gas gaba ɗaya sannan su haɗa mai daga iskar. Kuma har yau ana lissafa Secunda cikin wuraren da suka fi ko'ina fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi a duniya. Duk ƙasar da ta dafa kwal don neman mai, za ka tarar an toshe mata hanyar ɗanyen mai ne, ko kuma ba ta da isasshe.

Mu fa? Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri. Ɗanyen manmu yana cikin masu sauƙin tacewa a duniya. Ga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 mai ganga 110,000 a rana, ga ta Fatakwal, ga ta Warri, ga ta Dangote a Legas mai ganga 650,000. Matsalarmu ga ƙoshi ga kwanan yunwa ce, matsalar riƙon amana da tafiyar da dukiya. Wanda shanunsa ke cike da garke amma yaransa ba sa shan nono, makiyayin zai tuhuma. Ba zai koma tatsar dutse ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wato lafiyar mutane. Wancan ruwa na huɗu da na ambata yana ɗauke da amoniya da sinadarin finol, dangin abin da ke ba Izal ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta a bayi. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya ɓata ɗanɗanon rijiya, mai yawa kuwa yana kashe kifi da duk abin da ke rayuwa a ruwa. A manyan masana'antu sashe guda ake ginawa don tace shi. A bakin rafi kuwa mun san inda za a tuttular da shi. Rafin Dilimi ya riga ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa, ga bola, ga baƙin mai daga gareji, ga kwatocin unguwanni. Amma duk da haka da shi masu lambu ke ban ruwa da rani. Latas, kabeji, karas da alayyahon da ake kaiwa Farin Gada da sauran kasuwanni, da yawansu wannan ruwa suka sha. Daga nan ya gangara Jihar Bauchi inda mutane da dabbobi ke sha. Kuma kada mu manta da ambaliyar Yuli 2012 da ta ci mutum sama da 30 a Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo. Ranar da ruwa ya sake tashi irin haka, duk duron kwaltar da ke bakin rafi a tsakar gidajen mutane zai kwana.

Ita kanta kwaltar cuta ce ga mai taɓa ta. Tun a 1875 wani likitan tiyata a Halle, Richard von Volkmann, ya ba da rahoton cutar dajin fata, har da ta fatar maraina, a jikin ma'aikatan da ke aikin kwaltar kwal mai ruwan ƙasa. A 1915 wasu masana biyu a Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka riƙa shafa kwaltar kwal a kunnen zomaye har daji ya fito. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa aikin tace kwaltar kwal a rukunin farko, na abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam. Wannan ciwo ba ya nunawa yau ko gobe, sai bayan shekara 10 ko 20. Su wa za a sa su kwashe kwaltar da hannu, ba safa ba takalmi? Yaranmu ne masu koyon aiki, 'yan shekara 14 da 15, da almajiran da za a ba naira ɗari biyu. Lokacin da ciwon zai bayyana, mai tukunya ya daɗe da canza sana'a.

Iskar da ke fita ma tana da nata. A cikinta akwai irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki, wadda ba ta da wari ba ta da launi, akwai kuma mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ga haɗarin gobara. Tukunya mai zafin digiri 500, cike da tururin mai, a unguwar da shago ke jingine da shago, ga tayoyi, ga batura, ga fenti, ga tukwanen gas na 'yan walda. A Afrilu 2022 wata haramtacciyar matatar mai ta fashe a yankin Ohaji-Egbema na Jihar Imo, mutum sama da 100 suka ƙone. Mutanen Fatakwal tun 2016 suke share baƙar toka daga hancin 'ya'yansu, kuma irin wannan dahuwar mai ta cikin daji na cikin abin da ake dangantawa da ita. Mu da muka ga gobarar babbar kasuwar Terminus a Fabrairu 2002, muka ga yadda attajirai suka koma kasa kaya a bakin titi, ba ma bukatar a yi mana wa'azin wuta.

Idan wani ya ce ai ƙaramin aiki ne, ba zai kai haka ba, ya tuna da Zamfara. A 2010 mutanen ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Bagega ba masana'anta suka gina ba. Duwatsun zinariya kawai suke kawowa gida suna daka wa a turmi da injin niƙa. Gubar dalma da ke ciki ta kashe yara aƙalla 400. Su ma neman halaliyarsu suke yi, kuma babu wanda ya gaya musu abin da ke cikin ƙurar. Mu an gaya mana.

Kuma in akwai mutanen da bai kamata a ruɗe su da maganar arzikin ƙasa ba, mu ne mutanen Jos. Kuza ce ta kafa garin nan. A wannan rafi na Dilimi kakanninmu suka wanke ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka yi diban gwamna, aka kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su haƙa cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Kuzar ta tafi Ingila. Da kasuwarta ta rushe a Landan a Oktoba 1985, kamfanoni suka tattara nasu ya nasu. Abin da aka bar mana kowa na gani a Rayfield, Bukuru da Barikin Ladi: ɗaruruwan kududdufai da ke cin yara da dabbobi, da gonakin da ba sa nomuwa. Waɗancan ma manyan kamfanoni ne masu rajista da adireshi, ba su gyara abin da suka ɓata ba. To ina ga mutumin da ba mu san shi da komai ba sai lambar waya da lambar asusun banki?

Na san abin da za a ce. Za a ce sakatare yana kashe wa matasa gwiwa, ba ya son ci gaba, Turawa ma a bayan gida suka fara. Ina son ci gaba, kuma na fi kowa sanin basirar yaran Dilimi, waɗanda ke tayar da injin da kamfani ya ce ya mutu. Saboda na san darajar wannan basira ne ba na so a kashe ta a kan abin da lissafinsa bai fita ba tun a takarda. Turawan da suka fara a bayan gida sun biya da fatar ma'aikatansu da huhun 'ya'yansu, suka rubuta abin da ya same su. Wanda ya karanta ya sake faɗawa ramin, ba zai ce ƙaddara ba ce.

Kuma ba cewa nake kwal ba shi da amfani ba. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Sun kafa kamfanin Sonichar a 1975, suna haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, tun 1981 suke ba Agadas da ma'adinan Arlit wutar lantarki da shi. Suna da kuma kamfanin SNCC da ke gasa kwal ya kore hayaƙinsa, a sayar wa mata su yi girki a rage saran itace. Mutanen da kwal ke bakin ƙofarsu, gawayin suka nufa da wutar lantarki, kuma a masana'anta suke yi, kusa da ramin haƙa, nesa da gidajen mutane. Da mai na fita cikin sauƙi kamar yadda bidiyo ke nunawa, su da suka yi shekaru suna sayen mai daga waje kafin a buɗe matatar Damagaram a 2011, da sun riga kowa.

A nan cikin Jos muna da cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, NMDC, wadda tun shekarun 1970 take gwada kwal ɗin Najeriya. Muna da Jami'ar Jos da masana kimiyyar haɗa sinadarai da na ƙasa. Duk mai cewa yana da fasahar fitar da man gas daga kwal, hanya a buɗe take. Ya ɗauki kwal ɗinsa da mansa ya kai a gwada, ya kawo mana sakamako a rubuce da hatimi. Mai gaskiya ba ya gudun awo.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi.

Duk wanda aka zo wa da maganar jari, ya yi tambaya biyar kafin ya taɓa aljihu. Daga wane rami za a kawo kwal, kuma ina lasisin haƙarsa, tunda dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne? Lita nawa tan guda ke bayarwa, kuma wane ɗakin gwaji ne ya auna? Ina za a kai ruwan da ya fita? Ina takardar nazarin illa ga muhalli da dokar 1992 ta wajabta, da izinin hukumar da ke kula da tace mai? Sannan shi mai tallar, zai yarda a zuba man a motarsa a yi Jos zuwa Kano a dawo? Idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Iyayenmu masu filaye da masu gidajen haya, musamman na bakin rafi, don Allah kada kuɗin haya na shekara guda ya sa ku ba da wurin da zai lalace har jikoki. Ƙasar da kwalta ta shiga ba ta wankuwa.

'Yan uwa masu walda, ku ne za a fara nema. Aikin da ka san zai iya tashi da unguwa, ƙin karɓarsa ba asara ba ce. Iyayen gida a gareji, yaran da aka ba ku amana ne, kada a ɗauke su aikin kwana a bakin tukunya.

Masu unguwanni da shugabannin kasuwa, muna roƙo a sa wannan magana a taro na gaba, a yanke matsaya tun kafin a kafa tukunyar farko, domin hana ginawa ya fi rushewa sauƙi. Hukumar NESREA da hukumar kula da muhalli ta jiha kuma kada su jira sai hayaƙi ya tashi sannan su zo da motar kame. Su zo yanzu su yi wa mutane bayani da Hausa.

Kuɗin da ake son mu zuba a duro, da za a haɗa su a sayi na'urar gano matsalar mota ta kwamfuta, ko a tura yara goma su koyi mayar da mota mai amfani da iskar gas, ko haɗa sola, da kafin shekara mun ga amfaninsu, kuma babu rijiyar da za ta lalace. Wannan ita ce shawarar da zan kai gaban shugabanni, kuma ina neman goyon bayanku a kai.

Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba, musamman iyayenmu da ba sa hawa intanet, domin su ake fara bi da irin wannan magana. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kawo mana sauƙin rayuwa, ya tsare mana lafiyar 'ya'yanmu, ya zaunar da Jihar Filato da Najeriya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
Dilimi, Jos.